Daƙiƙa Arba'in da Suka Ɓace daga Uwar Kaset

Da safiyar ranar da motar kamfani za ta zo ɗaukar aikin, na buɗe kwalin uwar kaset na tarar an mayar da zaren kaset ɗin zuwa farkonsa. Ban ma kunna ba tukuna gabana ya faɗi.

Bari in yi bayani, don wanda ba ɗan sana'a ba ba zai ga abin faɗuwar gaba a nan ba. Aikina tace sauti. Mawaƙi ya rera, a ɗauka, sannan in zauna in daidaita ƙara, in share ƙazanta, in jera waƙoƙi yadda fuskar farko ta kaset da ta biyu za su zo kai ɗaya. Abin da ya fito daga hannuna shi ne uwar kaset, wani faffaɗan zare da ke naɗe a farantin ƙarfe, kuma daga jikinsa kamfani ke buga dubban kaset da faifan sidi. Abu na farko da ake dasa wa mai koyo a ka shi ne: in ka gama sauraro ka bar zaren a ƙarshensa, kada ka mayar da shi farko, don in ya kwana a haka sauti kan yi naso daga wannan naɗi zuwa wancan. Shekara goma sha tara ban taɓa karya wannan doka ba, ko ranar da nake zazzaɓi.

Na ɗora farantin fuska ta biyu a inji na kunna. Waƙar da ke ƙarshensa ita ce ta ƙarshe da Mama ta yi a duniya. Mama muke ce mata duk garin, har mu da ba ita ta haife mu ba, don shekara arba'in muryarta na tashi a shaguna da motocin haya. A ɗakin nan nawa ta rera waƙar, a zaune, tana haki, mako uku kafin ta rasu. Da aka zo baitin ƙarshe sai kiɗan ya yi tsalle kamar mai tuntuɓe, waƙa ta tsaya ba ta ƙare ba. Na jawo zaren da yatsa. An yanke shi, an haɗa baki da baki da wani jan abu mai danƙo. Daƙiƙa arba'in ne suka tafi, zare kusan mita goma sha biyar.

Ba ni da kwafi, kuma wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Jiya da hantsi iyalinta suka zo suka yi sauraron ƙarshe. Ina shirin juye aikin a kwamfuta aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, na fita neman mai gyara. Wuta ba ta dawo ba har na rufe. Na ce gobe da sassafe. To ga goben ta zo.

*

Babban ɗan Mama, wanda kowa ke ce wa Manaja saboda shi ke riƙe da harkar waƙoƙinta, ya saurari wurin sau biyu yana tsaye, hannu a ƙugu.

"Makullin ɗakin nan guda nawa ne?"

"Ɗaya."

"Yana hannun wa?"

"Nawa."

"An fasa ƙofa?"

"Ba a fasa ba."

"To Injiniya, ki taimaki kanki ki faɗa min wanda kika sayar wa. 'Yan kwafin sata sun daɗe suna zagaye waƙar nan." Ya duba agogo. "Ƙarfe huɗu motar za ta zo. In ta tafi ba kaya, da 'yan sanda za ki yi magana, kuma babu mawaƙin da zai sake tako matakalar nan. Ni zan tabbatar."

Da ƙarfi ya faɗa, ƙofa a buɗe. Kafin ya sauka, telan da ke ƙasan benen ya bar kekensa, mai shayi ya bar tukunyarsa, duk sun cika bakin matakala. Mutanen da nake ba wa cajin waya kyauta shekara da shekaru suna kallona kamar yau suka fara ganina. Na ji wata tana cewa dama mace mai zama ita kaɗai da injuna ai sai a hankali. Na ji zafin wannan fiye da na Manaja. Sunana kaɗai nake da shi a sana'ar nan, kuma ina ganinsa yana zubewa a matakala.

Na kira Kawu.

*

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Rabin rayuwarsa a daji ya yi ta, yana bin sawun dabbobin da suka ɓata da mutanen da suka ɓatar da su, shi ya sa har yau Mai Sawu ake ce masa. Gwiwa ta zaunar da shi a gari. Ko rediyo ba shi da ita, yana cewa surutu ke hana ido gani.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Kin yi shara?"

"Kullum da safe."

"Kin kyauta wa ɓarawo. Allah ya yi miki albarka."

"Kawu, ba lokacin tsokana ba ne."

"To zauna ki faɗa min me ke cikin abin da aka ɗauke. Kada ki ce min waƙa. Waƙa ta cika farantin, an bar ta."

Na faɗa masa. A tsakiyar baitin ƙarshe numfashin Mama ya ɗauke. Ta yi shiru, kiɗa ya rikice. Sai ta juya wajen mijinta da ke zaune a lungu ta ce, "Baban yara, zo ka riƙe min hannu in ƙarasa." Ana jin kujera ta motsa, ana jin takunsa, sannan ta ja baitin har ƙarshe. Makon jiya da iyalin suka fara saurare, gardama ta tashi. Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta ce a cire, ba za a tallata raunin uwarta ba. Manaja ya ce a bari, wurin nan ne zai sa mutane su yi kuka su saya. Shi ya yi rinjaye. Ni dai a gabansu na sa wa wurin alama da fensir ruwan ɗorawa a bayan zaren, farko da ƙarshe, ko da za a canja shawara.

"Wato kin zana wa mai yanka inda zai yanka."

"Haka ya zama."

"Su wa suka ga kin zana?"

"Manaja, Auta, makaɗinta, da tsohon, mijin nata."

"Kirawo min su. Ɗaya-ɗaya."

*

Makaɗi ya shigo yana rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Na san abin da ake faɗa a ƙasa. Wai a wurin ne hannuna ya kuskure, na yanke don in rufe kunyata. Eh, ya kuskure. Wa zai ga Mama a haka hannunsa bai kuskure ba? Amma daga magariba har safiya ina gida, a tambayi matata."

"Ba na tambayar matar kowa," in ji Kawu. "Jiya da rana fa?"

"Da rana ai ni da Injiniya muka yi ta jan janareta, muka kuma tafi neman mai gyara tare."

Na gyaɗa kai. Gaskiya ne, har rigarsa ta ɓaci da baƙin mai.

Auta ta shigo fuska a ɗaure, faratanta jajaye. Ni kaina da na gan su sai da na zarge ta, don abin da aka manne zaren da shi jan farce ne, tun da safe na gane warinsa.

"Ni na ce a cire, ban ɓoye ba," ta ce. "Har gobe ina kan bakana. Amma ban taɓa shi ba."

Kawu ya ce ta ɗora yatsanta kusa da mahaɗin. Nata ja ne mai haske. Na jikin zaren ya yi duhu, ya yi kauri, irin wanda ya daɗe a kwalba. Auta ta kalle shi, ta daɗe tana kallo, sannan ta janye hannunta ta cusa a cikin gyale.

"Kin san irinsa?"

"Ban sani ba."

Tun bai rufe baki ba ta amsa. Da ta fita na ce, "Ita ce, Kawu. Ƙarya take."

"Ƙarya take," ya ce. "Amma mai yi wa kansa ƙarya ido yake zarewa. Wannan ƙasa take kallo."

Manaja bai yarda ya zauna ba. Ya ce da aka ɗauke wuta mota ya koma yana waya da kamfani, sannan ya kai Auta kasuwa, ya dawo ya ɗauki Baba wajen ƙarfe biyu. In kuma ana zarginsa ne a faɗa masa ya kira lauya. Mutumin da yake so a bar wurin, me zai sa ya yanke?

"Ina ka samu Baban naka?"

"Inda yake zama kullum. A benci."

Can muka same shi, a bencin baranda, hannu ɗaya a cinya, ɗayan yana matsa kafaɗarsa ta dama. Shekara goma sha tara Mama na zuwa ɗakina, kuma duk zuwan yana bayanta da jakarta da gorar ruwanta. Ban taɓa jin ya yi magana goma a jere ba. In faɗi gaskiya, kamar bencin nake ganinsa.

Kawu ya zauna kusa da shi, ya yi masa gaisuwa, suka yi hirar gwiwa da kafaɗa irin ta tsofaffi.

"Wace sana'a kake yi, ɗan'uwa?"

"Rakiya. Shekara talatin ina ɗaukar mata jaka."

"Kafin nan fa?"

"'Yan gyare-gyare ne a bakin kasuwa. Ba abin faɗa ba."

"Ranar da aka yi gardama, me ka ce?"

"Ba a tambaye ni ba."

*

Ƙarfe biyu da rabi ta yi, ba mu da komai a hannu. Na fara yi wa Kawu ƙorafi cewa na kira shi bin sawu ya ɓuge da hira. Bai kula ni ba. Ya ce in miƙo masa farantin fuska ta farko, wanda ba a taɓa ba, da na biyun. Ya kai su taga ya karkatar da su a haske.

"Zo ki gani. Wa ya naɗe wannan?"

"Inji."

Gefen zaren sumul yake kamar an goge shi da dutsen guga.

"Wannan fa?"

Na duba. Na rantse, sau biyar na riƙe farantin nan tun safe, amma mahaɗin kaɗai nake kallo. Kunnawar da na yi da safe ta warware naɗin da na tarar, amma inda gefen zaren ya goga da ƙarfen, duk shaidar tana nan. Zaren ya bar zane a jikin farantin hawa-hawa: nan ya matse, nan ya saki, nan ya leƙo waje ya shafi ƙarfe.

"Inji ba ya gajiya," in ji Kawu. "Wannan sawun hannu ne. Ya juya, ya juya, ya huta. Ya juya, ya huta. Tazarar tana raguwa yana matsowa waje, wato hannun na ƙara ciwo. Me zai sa mutum ya juya da hannu ga inji a gabansa?"

Na ce, "Babu wuta."

"Da dare an kawo?"

"Tela ya ce tun magariba."

"To ba da dare aka yi ba. Da kika fita neman mai gyara, kin kulle?"

Ban kulle ba. Iyalin Mama na nan, wa zan kulle wa?

Ya nuna min ramin da ke jikin farantin. A bakinsa akwai ɗan zanen shuɗin tawada, an goga an sake gogawa.

"Da biro ya juya. Yanzu ki amsa min wannan. Wurin da ya yanke yana kusa da ƙarshe, inda kika bar zaren. Cikin minti biyar ya gama. Ɓarawo sai ya mayar a kwali ya gudu. Wannan ya zauna kusan rabin awa, ƙofa a buɗe, kafaɗa na ciwo, yana mayar da zare farko. Don me?"

"Hauka."

"Sabo. Ke an koya miki a bar shi a ƙarshe. Shi an koya masa ba a miƙa wa mai kaya kaset sai an mayar masa da shi farko. Ba ɓarna yake ganin ya yi ba, aiki yake ƙarasawa." Ya ajiye farantin a hankali. "Tara min su."

*

Uku da rabi suka zauna a ɗakin: Manaja a bakin ƙofa da waya a hannu, Auta, makaɗi, da tsohon a lungun da ya saba. Tela da mai shayi na leƙe ta matakala, na rufe ƙofa a fuskarsu, na ji daɗin hakan.

Kawu ya tashi. Ya sa hannu a kwandon shara ya ɗauko wani tsohon kaset da inji ya taune, zarensa na reto. Ya zauna ya fara cusa zaren da ƙaton yatsansa, yana murɗe shi, yana ninke shi, yana ja.

"Wasa muka zo kallo?" in ji Manaja. "Saura rabin awa."

Kawu ya ci gaba. Zaren ya ƙulle, ya ƙara ja. Ni kaina sai da na ji haƙorana sun yi tsami.

"Za ka tsinka shi," in ji wata murya daga lungu. "Ba a yi da yatsa. Kawo."

Hannun tsohon ya riga ya kai aljihun gaban rigarsa. A nan ya tsaya, bai fito ba. Auta ta rufe fuska da gyale.

"Fito da shi, ɗan'uwa," in ji Kawu a hankali. "Babu mai ƙwace maka."

Ya daɗe kafin ya motsa. Abin da ya fito da shi biro ne a naɗe cikin farin hankici. Ya warware a cinyarsa. Zaren da aka yanke na jikin biron, an naɗe shi tsaf, gefe da gefe daidai, ba lanƙwasa ko ɗaya. Na yi shekaru ina koya wa mutane riƙon zare, ban ga wanda ya riƙe shi da ladabi irin haka ba.

"Baba," in ji Manaja. "Baba, kai? Ka san abin da ka jawo? Na kusa sa a kama matar nan."

"Na sani. Da motar ta zo zan faɗa. Tun safe nake neman bakin faɗa." Ya juyo gare ni. "Ki yafe ni, 'yata. Kafin a haifi waɗannan, teburin gyaran kaset nake da shi. A nan uwarsu ta same ni, ta kawo kaset ɗinta na farko da ya tsinke. Da jan farcenta na manne shi. Na san ba irin aikinku ba ne."

"Kwalbar Mama ce," in ji Auta daga cikin gyale. "Ina gani na gane."

"Amma don me?" in ji Manaja. "Kunya kake ji? Kowa ya san ba ta da lafiya."

"Ba kunya ba ce." Ya ɗora yatsa a kan zaren. "Shekara arba'in muryarta ta kowa ce. Na ji ta a tasha, na ji ta a shagon aski, na ji mashaya suna binta, ban taɓa cewa uffan ba. Sana'arta ce. Amma wannan ba waƙa ba ce. Da ni take magana. Bayan ranar ba ta ƙara kirana haka ba, numfashin bai kai ba. Kai ka ce a buga dubu goma a saya a yi kuka. Auta ta ce a jefar a kwando. Kuka yi ta yi a kaina, ina zaune a nan."

Makaɗi ya juya ya fuskanci bango. Kunya ta kama ni, don ni ma ina ɗakin ranar, da fensir a hannu, ban waiwaya lungun ba.

A ƙasa aka yi hon. Motar ta zo da wuri.

*

Na ce wa makaɗi ya sauka ya sayi direba da shayi. Na karɓi biron da hannu biyu. Na yanke mahaɗin jan farcen da reza, don da ya shiga injin kamfani da ya tsinke a juyi na farko, na mayar da zaren mazauninsa da salatif ɗinmu na aiki. Sannan na juya farantin da hannu, kunne a lasifika, har na sami bakin maganar da ƙarshenta. Daƙiƙa shida ce, zare mita biyu da ɗan kai. Na sa reza na cire ta.

"Injiniya," in ji Manaja, "wurin nan ne fa..."

"Baitin ƙarshe naka ne, ga shi na mayar. Wannan ba da kai aka yi ba."

Ya kalli ubansa, ya ja baya.

Na kunna. Muryar Mama ta hau, ta karye, ta yi shiru. Kujera ta motsa. Sai taku, ƙafa ɗaya na jan ƙasa. Na ga leɓen Kawu na motsi.

"Taku bakwai," ya ce. "Na ƙarshen biyu da sauri ya yi su."

Sannan ta ja baitin har ƙarshe.

Manaja ya ce ko a cire takun ma, tunda yanzu ba wanda zai gane mene ne. Na ce a'a. Na juye a kwamfuta, kwafi biyu, na bar zaren a ƙarshensa, na rufe kwali na miƙa. Da Manaja ya sauka na ji yana gaya wa mutanen matakala cewa kuskure aka samu, Injiniya ba ta da laifi. Bai ɗaga murya kamar da safe ba, amma ya faɗa.

Kaset ya fito, sidi ya fito. Har yau abokan sana'a na tsokanata cewa Injiniya mai kunnen zinariya ta bar ƙarar takalmi a waƙar ƙarshe ta Mama. Wani ma ya rubuta cewa sakaci ne. Da can da na bi shi har ofis. Yanzu in aka tambaye ni sai in ce eh, ya wuce min.

Mita biyun nan na naɗe wa tsohon a bironsa da kaina. Na ce duk ranar da yake son ji ya zo in ɗora masa a inji, ba sai ya yi sallama ba. Yakan zo, ya zauna a benci, mu sha shayi, hannunsa a kan aljihun. Shekara uku ke nan bai taɓa cewa in kunna ba. Da na tambaye shi, sai ya ce ai ya san abin da ta ce.